Wata 13 bai saki hannu ba: kowa ta faɗa mini yadda nata ya yi

Mai ɗan fari, Talladje:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya ɗana ya cika wata 13, har yau bai saki hannu ba. Yana dafa gado ya miƙe, ya bi bango har bakin ƙofa, amma da na miƙa masa hannu ina "ta-ta-ta" sai ya zauna daɓas. Ɗiyar maƙwabciyata da ya girme ta da sati uku tana korar kaji a tsakar gida. Uwar mijina ta ce goyo ne ya yi masa yawa. Wallahi abin yana hana ni barci.

Uwar huɗu, Bukoki:
Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Babbata ta taka tana wata 10. Na ukun kuwa ko rarrafe bai yi ba, jan gindi ya yi ta yi har wandunansa suka ƙare, sai a wata 16 ya tashi. Yau shi ne ba ya zama gida saboda ƙwallo. Ki dinga shimfiɗa masa tabarma, ki bar shi ƙafa ba takalmi.

Mai aikin awon yara, Yantala:
'Yar'uwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, har da Gana, ta fitar da sakamako a 2006: tafiya ba riƙo tana zuwa daga wata 8 har kusan wata 18. Naki da yake bin bango yana kan hanya. Ni idan aka kawo mini ɗan shekara guda, ba ƙafa nake fara dubawa ba. Yana waiwayowa in an kira sunansa? Yana nuna abin da yake so da yatsa? Yana tsintar ƙwayar shinkafa da yatsu biyu? Yana gwaranci, "ba-ba", "ma-ma"? Ko ƙiwar da ke ba ku kunya gaban baƙi, alama ce ya san nasa. Wanda nake so a kawo da gaggawa shi ne wanda ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ƙara ba ta firgita shi, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya daina abin da ya iya a da.

Wata uwa, Lazare:
Wannan na ƙarshe da Malama ta faɗa, a kaina ya faru, shi ya sa ban iya yin shiru ba. Ɗiyata ta fara tsayuwa a wata 11, sai zawo ya kama ta cikin damina. Kowa ya ce haƙora ne, in sun fito zai wuce. Na yarda, na zauna ina jiran haƙora kusan wata guda. Ta daina tsayuwa, ta daina dariya, wuni take kwance a bayana. Ranar da na kai ta likita aka ɗaura mata igiyar awo a damtse, ta faɗa kan ja, ƙasa da santimita 11 da rabi. Tamowa ce. Na yi kuka a wurin, ba don komai ba sai don jinkirin da na yi. Aka sa ta kan abincin gyaɗar nan na cikin leda, daga baya na koyi zuba tunkuza da garin zogale cikin kunun gero. Ta taka a wata 19, alhamdu lillahi.

Uba, Harobanda:
A yi mini afuwa na shigo zancen mata. Gidanmu Hausa da Zabarmanci ake yi, aka ce harshe biyu zai ɗaure wa yaro baki. Yana shekara da wata biyu ya fara cewa "hari" in yana son ruwa, ya ce "zo" in yana kiran yayarsa.

Mai ɗan fari, Talladje:
Na gode ƙwarai, Allah ya raya mana su. Malama, yana nuna fanka da yatsa, yana tsintar wake ɗaya-ɗaya, in na kira shi ya juyo da dariya. Amma da na buɗe katinsa yanzu na ga tun allurar ƙyanda ta wata 9 ban koma awo ba. Litinin in sha Allahu da sassafe muna can.