Tambaya kan saukar jirgin sama bisa jirgin ruwan yaƙi

Ɗan Mokoyo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da dare a fada muna shan shayi na kalli wani bidiyo a waya, jirgin yaƙi ya sauka bisa jirgin ruwa ya tsaya cak kamar an riƙo shi da hannu, har yanzu abin na raina. Mi ke tsaida shi? Kuma na ji ana cewa "bolta", mi ke nan?

Na Tibiri:
Wa alaikumus salam. Ƙugiya ce a ƙarƙashin wutsiyar jirgin take kama igiyar ƙarfe da aka shimfiɗa a kan filin, Sharl da Gol, jirgin ruwan yaƙin Faransa mai ɗaukar jiragen sama, igiya 3 gare shi. Bolta shi ne in ƙugiyar ta kuskure duka igiyoyin, shi ya sa matuƙi da ya taɓa ƙasa yake ƙure wa inji wuta don in bai kama ba ya sake tashi ya zagayo, in ba haka ba sai cikin teku. Wallahi aikin nan sai mai zuciya.

Hajiya ta Zariya:
Ƙanena ka lura da rigunan ma'aikatan filin ma. Masu ruwan ɗorawa su ke ba jirgi hannu, Faransawa na ce musu shiyan jon wato karnuka masu ruwan ɗorawa. A jiragen Amurka masu ja su ke ɗora makamai.

Ɗan Mokoyo:
Na gode Hajiya. To tashin fa, filin ai gajere ne?

Na Tibiri:
Wani inji da ake ce ma katafil ke harba shi, na Sharl da Gol da tururi yake aiki, kamar gwafar yara dai.