Oba-oba ko layin CUG? 'Yan sintirinmu na jiran shawara

Sakataren Unguwa: Assalamu alaikum. Unguwarmu tana bayan gari ta hanyar Batsari. Mun yi karo-karo mun tara naira dubu 600 don 'yan sintirinmu 12 su riƙa jin juna da dare. Yanzu da wayoyinsu suke kira, wannan babu kati, wancan babu caji. Kwamiti ya rabu biyu: wasu oba-oba da ƙaramar sola, wasu layukan CUG, wato layukan waya da kamfani ke haɗawa rukuni ɗaya don 'yan rukunin su riƙa kiran juna. Tsawon unguwar bai kai kilomita 3 ba. Juma'a bayan la'asar za mu yanke. Wanda ya taɓa amfani da ɗaya daga ciki ya taimaka mamu.

Abu Fatima: Wa alaikumussalam. Ku sai masu mashin da tocila mai kyau, shi ke nan.

Baban Khalifa: Malam Sakatare, ka ji ta bakin wanda abin ya ci. A 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina zamanin Gwamna Masari, garinmu na ciki. Muka haɗa kuɗi, har da na matan da suka sayar da awaki, muka sayi oba-oba 8 hannun wani da ya rantse suna cin kilomita 10. Da rana aka gwada a filin makaranta, kowa na jin kowa, aka yi ta murna. Daren da ɓarayin daji suka shigo, ƙanena yana bakin rafi yana danna ta yana cewa "ga su nan, ga su nan". Mu muna gindin masallaci, ba abin da muke ji sai shuuu. Suka kore shanu, suka harbe shi a cinya. Har yau da sanda yake tafiya. Kafin damina ta zagayo batura duk sun kumbura, mai kayan kuma ko ƙeyarshi ba mu sake gani ba.

Maman Ummi: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya, ya saka maku.

Injiniya: Amin. Baba, ba rediyon ya ci amanarku ba, mai sayarwa ne. Ƙananan nan irin su Baofeng UV-5R ƙarfinsu wat 5 ne, kuma maganarsu miƙe take tafiya. Kwari, tudu ko gine-gine na tare ta. Mai son nisa sai ya kafa rifita, na'urar da ke karɓar magana ta sake cilla ta, a saman dogon ƙarfe ko tankin ruwa. Sannan irin wannan ba ta da sirri, duk mai irinta zai iya lalubo tasharku ya saurara. Mitar da ake magana a kai ma sai da lasisin gwamnati. CUG kuwa sauƙi gare shi, amma ranar da sabis ya ɗauke, ya tafi da shi.

Abu Fatima: Oba-oba dubu 18 na saya a Kano.

Ɗan Ƙofar Marusa: Yaushe? Ni watan jiya dubu 35 aka ce mani, ba ragi.

Injiniya: Ta dubu 18 BF-888S ce mai tasha 16, ba iri ɗaya ba ne. Motorola ta gaske kuwa, kuɗinku ba za su sayi 12 ba.

Tsohon Soja: Injiniya, ka taɓa kwana a daji da ita a kafaɗa? Ni da ita na yi aiki. Ba na'ura ce matsalarku ba. Wa zai zauna wuri ɗaya ido biyu har asuba, yana saurare, yana rubutawa, ya san wa zai tasa? In babu wannan mutumin, ko ta miliyan kuka saya banza ce. Ku ware mashi alawus da kuɗin batir kafin ku sayi komai.

Injiniya: Ranka ya daɗe, da girmanka, amma rediyon soja daban, ta kasuwa daban.

Baban Khalifa: Ku duka ba wanda ya ɗauki ɗan'uwanshi cikin jini a amalanke.

Ɗan Daura: A ba Maman Ummi ɗaya. "Maigida, tuwo ya huce, oba!"

Maman Ummi: Kai dai Allah ya shirye ka. Amma da gaske, mu da ke cikin gida wa za mu kira? Naƙuda da gobara ba sa jiran ɗan sintiri ya zagayo. Ku fidda lamba ɗaya a rubuta a kowane zaure, tare da 112 ta gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra.

Ɗan Ƙofar Marusa: Tunda Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da C-Watch, rundunar tsaron al'umma ta jihar Katsina, a Oktoban 2023, ku fara tuntuɓar na yankinku ta hannun mai unguwa. Kar ku sayi abin da ba zai haɗa ku da kowa ba.

Abu Fatima: Ni abin da ke ci mani rai kuɗin sintirin ne. A layinmu masu manyan get su ne ba sa biya. Ka ƙwanƙwasa, yaro ya leƙo ya ce Alhaji ya yi tafiya, ga motarshi a fake.

Maman Ummi: Mu 'yan haya kuma ɗaki-ɗaki ake karɓa, mai gida bene ya biya na gida ɗaya.

Sakataren Unguwa: Jama'a, batun rifitar nan, kilomita 3 ma sai da ita?

Abu Fatima: Hajiya, haka ake yi maku? Wa ke riƙe da littafin kuɗin a unguwarku?