Me ya sa karon da Dale Earnhardt ya yi ya zama ajalinsa?

Bakanike, daga wani ƙauye kusa da Kazaure:
Assalamu alaikum. Tun ina yaron gareji nake son tseren motocin NASCAR na Amurka, domin maigidana yana da kaset-kaset na bidiyo da wani ɗan'uwansa ya kawo masa daga Legas, kuma duk daren da aka sami man janareta mukan shimfiɗa tabarma a zaure mu yi ta kallo. Ba ma jin Turanci, saboda haka baƙar motar nan mai lamba 3 muke bi da ido, muna kiran direbanta Mai Baƙar Uku. Sai daga baya na san sunansa Dale Earnhardt, wanda ya lashe gasar shekara har sau bakwai, ya kuma rasu ranar 18 ga Fabrairu 2001 a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500. Jiya na sake kallon haɗarin a waya, abin ya tsaya mini a rai. A wannan tseren motar Tony Stewart ta tashi sama ta yi ta wuntsilawa, amma ya rayu, shi kuwa Earnhardt bango kawai ya daka. Yaya aka yi ƙaramin karo ya kashe shi?

Ma'aikacin lafiya, Ringim:
Wa alaikumus salam, Malam. Karon ba ƙarami ba ne, ido ne yake ganinsa haka. Motar da take wuntsilawa tana zubar da ƙarfinta kaɗan-kaɗan, amma wadda ta tunkari bangon kankare da goshi tana rasa gudunta cikin ƙiftawar ido. Bel ya riƙe jikin direba, kansa kuwa, da nauyin hular kwano a bisa, ya fizga gaba, har ƙashin gindin ƙoƙon kai ya tsage. Irin wannan rauni ne ya kashe direbobin NASCAR Adam Petty da Kenny Irwin a 2000. A Oktoban 2001 NASCAR ta wajabta sanya na'urar da take ɗaure hular kwano da kafaɗu, irin su HANS, daga bisani kuma aka yi wa bangon filayen rufin da yake shanye ƙarfin karo.

Tsohon direba, Dambatta:
Ƙanena, ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Abin da ya fi sosa mini zuciya shi ne, a zagayen nan na ƙarshe Earnhardt ne na uku, motoci biyun da suke gabansa kuwa duk na kamfaninsa ne: Michael Waltrip, wanda bai taɓa cin tseren da ake ƙirga wa maki a babbar gasar ba sai ranar, da ɗan Earnhardt na cikinsa, Dale ƙarami. Mutumin da aka sani da rashin ɗaga wa kowa ƙafa, ga shi yana tare musu baya kamar makiyayi. Ka nemi tseren 1998 ka kalla, shekarar da ya ci Daytona 500 a gwaji na ashirin, ma'aikatan abokan hamayyarsa suka jeru a bakin hanya suna miƙa masa hannu.

Bakanike:
Na gode ƙwarai, Yaya, na gode, Likita. Wannan kaset na 1998 yana cikin namu. Labarin rasuwar bai iso mu ba sai bayan watanni, kuma ranar da maigidana ya ji, sau biyu ya sa muka maimaita wurin gaisawar nan, bai ce uffan ba har man janareta ya ƙare.