Me ya sa kuromosom na 2 ne ke karyewa a sankarar jinin ɓeraye?

Ɗalibar Bayoloji:
Assalamu alaikum. Ina nazari a kan sankarar jinin da ke kama ɓerayen gwaji bayan an haska musu radiyeshon, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ɓera yana da kuromosom 40 (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin kowace ƙwayar jiki), radiyeshon kuwa ba ya zaɓen inda zai faɗa, to me ya sa kusan kullum guntun kuromosom na 2 ne ake tarar ya ɓace a ƙwayoyin jinin da sankarar ta kama?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiyarki, karayar tana faruwa ko'ina, sai dai mafi yawanta ko ƙwayar jikin ta ɗinke ta, ko kuma ƙwayar ta mutu da ita. Abin da ya bambanta kuromosom na 2 shi ne, a guntun da ke ɓacewa akwai ƙwayar gado mai suna Sfpi1, wadda ke samar da furotin PU.1, kuma wannan furotin ne ke sa ƙwayoyin ɓargo su balaga su zama fararen ƙwayoyin jini. A nau'in ɓerayen gwaji da ake kira CBA, idan aka haska musu radiyeshon na gire 3 (gire ma'aunin radiyeshon ne) sau ɗaya, kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne ke kamuwa, kuma a kusan kashi 90 na waɗanda suka kamu ana samun wannan giɓi.

Mai Aikin Ɗakin Gwaji:
Ina so in ƙara a kan bayanin Malam, domin nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure. Ana ganin giɓin a ɓargo cikin awa 24 da haskawa, har a ɓerayen da ba za su taɓa kamuwa ba, alhali cutar ba ta cika bayyana ba sai bayan shekara guda ko fiye. Karayar kaɗai ba ta isa ba ke nan. Kuromosom na 2 guda biyu ne a ƙwayar ɓargo, don haka a mafi yawan lokuta sai kwafin Sfpi1 na ɗaya kuromosom ɗin shi ma ya lalace, galibi a gurbi na 235 na jerin sassan furotin ɗin, sannan ƙwayar ɓargon take daina balaga ta shiga hayayyafa.

Ɗalibar Bayoloji:
Na gode ƙwarai. Shin haka abin yake ga ɗan Adam?

Malamin Kimiyya:
A nan sai a yi hattara, Malama. Sankarar jini ta ƙaru a tsakanin waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki na 1945, amma takwarar wannan ƙwayar gado a jikin mutum tana kan kuromosom na 11 ne, kuma a sankarar da ke biyo bayan maganin kansa an fi ganin giɓi a kuromosom na 5 da na 7.