Wai wannan hakin na Ostareliya da ake cin saiwarshi zai yi a ƙasar Maradi?

Mai Garka: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ke karatun noma ya gwada mani hoton wani haki, sunanshi Geranium solanderi, a dajin Ostareliya yake fitowa da kanshi, furenshi ƙanƙane ruwan hoda mai kunne biyar, saiwar kuma kamar ɗan karas, wai mutanen asalin ƙasar gasa ta suke yi su ci. Ina da ƴar garka bakin Gulbi, shin in na samu iri zai kama kuwa?

Malam Na Tarna: Wa alaikumus salam. Hakin gaskiya ne, har sunan ma na wani masanin tsirrai ne ɗan Suwidin, Daniel Solander, wanda ya bi jirgin ruwan Kyaftin Cook suka isa can a 1770. Shukarshi ba wuya, da iri ake yi, kuma ba ya mutuwa shekara guda, saiwar tana nan ƙasa ta sake tohowa, in ɗiyan suka bushe kwanson da kanshi yake fashewa ya harba iri gefe. Matsalar zafi ce malam, ya fi yawa a kudancin ƙasar inda ake sanyi sosai, mu kuwa watan Afrilu muna wuce digiri 40. In dai gwaji ne ka sa a tukunya cikin inuwa lokacin ɗari, amma kar ka ɓata fangali kanshi.

Ɗan Cadawa: Haba Mai Garka, ga aya a gida kana cigiyar hakin wata duniya hhh. Mu nan da ruwa ya sauka ake shuka ta a jigawa, kaka ta yi ganye ya bushe a banka mashi wuta a tone ƙasar a tankaɗe da rariya, ƙura har cikin kunne wallahi sai ka kwana kana kakin ƙasa, amma buhu nawa ake lodawa zuwa Najeriya? Har Sifen kunun aya suke sha. Illarta dai tana cinye ƙarfin gona, ba taki ba riba.

Hajiya Inna: Ku kun tuna mani da rojiya, muna yara in mun bi awaki daji da tsinke muke tono ta mu goge a zane mu ci ɗanya, ruwa cike da baki. Jikokina ko sunanta basu sani ba. Ɗana in gwajin kake so ka fara da ita mana.

Mai Garka: Inna kin gama magana. To wa zai samo mani rojiyar da saiwarta, in ya shigo gari mu haɗu babbar kasuwa?