Muhawara: shin exFAT ya raba gardamar faifan da ke yawo tsakanin Mac da Windows?

Daga zauren masu ɗaukar bidiyon biki da editoci na Jos

Mai Hoto: Jama'a, duk wanda zai kawo min aiki a faifai, ya yi masa fomatin na exFAT, wato tsarin jera fayiloli a faifai, tun daga gida. Mac da Windows duk suna karanta shi, suna rubutu a kai, ba sai an saka wata manhaja ba. Magana ta ƙare.

Ɗan Terminus: Oga, ai tsohon tsarin FAT32 ma duk suna yi da shi.

Mai Hoto: FAT32 da ba ya karɓar fayil guda in ya kai giga 4? Bidiyon kamu kaɗai ya fi haka. Kana da fili giga 100 a filash, ya ce maka fayil ya yi girma.

Injiniya: Yallaɓai, magana ba ta ƙare ba. Microsoft ta fitar da exFAT a 2006 ne saboda filash da memori, shi ya sa katin kyamara da ya haura giga 32 yake zuwa da shi. Amma ba shi da rajista. NTFS, tsarin Windows tun 1993, kafin ya taɓa jadawalin fayiloli sai ya rubuta abin da zai yi a gefe, wannan ce rajistar. In aiki ya yanke a tsakiya, ya koma ya duba rajistar ya daidaita kansa. Shi kuwa exFAT in ya yanke ana cikin rubutu, kana iya jonawa ka tarar babu folda, ko Mac ya daɗe yana bincike bai nuna faifan ba. A garin da NEPA ba ta sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai Hoto: Wace NEPA? Laftof na da batir, faifan kuma daga USB yake shan wuta.

Injiniya: Babban faifan tebur mai nasa caja fa? Kebul ɗin da bakinsa ya saki fa, wanda ake tokarewa da littafi? Ga yaron shago da zai zo ya fizge don ya jona wayarsa.

Anti Edita: Injiniya, ka faɗi alherin NTFS ka ɓoye aibinsa. Mac yana karanta shi ne kawai. Ba zan iya ajiye ko hoto ɗaya a ciki ba, ba zan iya canza sunan fayil ba, sai na sayi manhajar Paragon ko Tuxera, da dala kuma. Kai za ka biya min?

Malam: Ku bari in sa baki. Rajistar da ake ta kurantawa tsarin faifan take karewa, ba cikin fayil ba. Bidiyon da ake kwafa lokacin da wuta ta tafi ya tafi, ko NTFS ne. Abin da za ta tsirar maka shi ne sauran kayan. Mu masu Linux kuwa tun da Microsoft ta buɗe bayanan exFAT a 2019 muka huta da shi.

Injiniya: Malam, ai sauran kayan nake wa gudu. Biki goma ne a ciki.

Anti Edita: Ni abin da ya fi ba ni tsoro ma APFS ne, na Apple, wanda ya shigo a 2017. Windows ba ya gane shi. Na taɓa aika faifaina wani shagon buga hoto, wani ɗan akwati ya fito a kwamfutarsu yana neman a yi fomatin, yaron ya danna. Walima da ɗaurin aure duk suka wuce. Da exFAT ne da ba a kai nan ba.

Ɗan Terminus: Innalillahi. Amma Anti, exFAT ɗin ma in ya fito daga Mac yana zuwa da wasu fayiloli masu ɗigo da ƙaramin layi a gaban suna. Kwastoma ya jona a talabijin, ya ga kowane bidiyo biyu-biyu, ɗaya ba ya buɗuwa, ya dawo yana cewa na sa masa bairos.

Malam: Ba bairos ba ne, ƙanena. Bayanan da Mac ke maƙala wa fayil ne, exFAT ba shi da wurin ajiye su, sai a ware su gefe. Goge su ba ya taɓa bidiyon. Kuma tsofaffin talabijin da rediyon mota da yawa FAT32 kaɗai suka sani.

Mai Hoto: To ni dai na ɗaukar aiki daga hannu zuwa hannu nake nufi. Na ajiya kowa ya yi na injinsa, mai Mac APFS, mai Windows NTFS.

Injiniya: Ba haka ka ce da safe ba, Yallaɓai. "Magana ta ƙare" ka ce, ga shi nan a sama.

Ɗan Terminus: Tsaya tukuna. Nawa NTFS ne kuma a cike yake. In na mayar da shi exFAT kayan za su zauna?

Injiniya: Ko ɗaya. Fomatin share komai yake yi. Kwashe su zuwa wani faifan, ka buɗe 'yan kaɗan ka ga suna tashi, sannan ka danna.