Sun ƙwace min WhatsApp da lambobi shida, ku taimaka da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Da wayar ƙanwata nake rubuto wannan. Jiya bayan la'asar ina tsaka da ɗura turaren wuta a kwalabe, wani ya kira ni, ya ambaci sunana, ya ce shi ne sakataren guruf ɗinmu na tsofaffin ɗalibai. Wai za a yi taro ta intanet da daddare, an tura wa kowa lambar shiga. Bai rufe baki ba sai ga tes ya shigo, lambobi shida. Hannuna duk turare, na karanto masa don ya bar ni in ci gaba da aikina. Kafin magariba WhatsApp ɗina ya fita. Da safe Goggona ta kira tana tambayar jikin yarona, ashe an rubuta mata da sunana cewa muna asibiti, ta tura naira dubu 40. Kwastomomina duka a can suke, ga hirarmu da maigida da hotunan gida. Zan iya dawo da shi? Kuma sun karanta sirrina ne?

Mai gyaran waya a Farm Centre, Kano: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kusan kullum sai an kawo mana irin wannan. Tunda sim ɗinki yana hannunki, ke ce da ƙarfi. Ki buɗe WhatsApp, ki sa lambarki kamar sabuwar rajista. Za a turo wasu lambobi shida ta tes, kina shigar da su zai fita daga wayar ɓarawon, domin babbar waya ɗaya ce ke riƙe lamba. Idan ya ce ki jira wasu awanni, ki jira, yawan gwadawa ƙara lokacin yake. Abin da ke tayar wa mutane da hankali shi ne in ya nemi wani fin da ba ke kika sa ba. Ɓarawon ne ya kunna kariya ta biyu. Ki yi haƙuri kwana 7, za ki shiga ba tare da fin ɗin ba, kuma ɓarawon ma a kwanakin nan yana waje. Duk wanda ya ce ki biya ya buɗe miki yau, ɓarawo na biyu ne.

Mai tambaya: To sirrina fa, Malam? Shi ne ya hana ni barci.

Mai gyaran waya: Ki kwantar da hankali. Tsofaffin hirarraki a cikin wayarki suke, ba sa bin lamba zuwa wata waya. Ajiyarsu ta Google Drive kuwa sai da imel ɗinki ake sauke ta, don haka ki canza kalmar sirrin imel ɗin yau. Abin da ya gani shi ne guruf-guruf ɗinki, lambobin mutanen ciki, da saƙon da ya shigo bayan ya karɓe. Ta nan ya samo Goggo, kuma ta irin hanyar ya samo sunanki tun farko.

Wata 'yar uwa daga Zariya: Yaya, kafin komai ki kira admin na kowane guruf su cire lambarki, ki sa 'yan uwa su sanar a sitatus. Ni da aka yi wa mahaifiyata haka, kunya ta sa ta yi shiru kwana biyu, a nan aka cuci mutum uku. Ba wauta kika yi ba, sana'arsu ce.

Ma'aikacin banki: Goggo ta je bankinta yau da shaidar tiransifa, ta kai ƙorafi a rubuce. In kuɗin bai riga ya fita daga asusun da aka tura ba, ana iya riƙe shi, amma suna saurin kwashewa, ba zan yi miki alkawari ba. Sannan abin da ya fi damuna: lambar sirrin da banki ke turowa, wato OTP, ita ma ta tes take zuwa. Banki ba ya kira ya nemi OTP ko fin ɗin katinki ko BVN, lambobin nan 11. In mutumin nan ya sake kira da wata murya yana cewa daga banki ne, ki kashe.

Ɗalibin kwamfuta: Anti, in kin shiga, ki je Settings, Account, ki kunna Two-step verification, wato kariya ta biyun nan, da lambobi shida naki, ba shekarar haihuwa ba, ki haɗa da imel. Ki duba Linked devices, duk na'urar da ba ki sani ba ki fitar da ita. Ki danna ##002# ki kira, yana soke duk wata karkatar da kira, don wasu ta kiran murya suke karɓar lambar. Ki sa wa sim ɗinki fin shi ma, amma a hankali: kuskure uku yana kulle shi sai da PUK, lambar buɗe sim ta kamfanin layi. Kuma ki ɓoye tes daga fuskar waya in tana kulle, musamman ke da kike ajiye ta a shago.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sa lambar, tes ya zo, ya kuma nemi fin ɗin da Malam ya faɗa, sai jiran kwana bakwai. Ƙanwata ta ce hotona ya ɓace daga lambar, ko shi ya cire? Yanzu zan sa hijabi in raka Goggo banki, ta ƙi yarda in biya ta kuɗin.